Audilio Mai Bunsurai da Safiyar da Iska Ta Kwanta

A arewacin Neuquén, tsakanin dutsen Tromen da kogin Colorado, in mutum yana cikin kanti a garin Buta Ranquil ya ji warin bunsuru bai ga bunsuru ba, ba ya ko waiwayawa. Ya san Don Audilio Retamal ne ya shigo sayen garin alkama da ganyen mate, shayin mutanen yankin. Warin ya kama mayafinsa na ulu, ya kama sirdinsa, ya kama har kuɗin da yake miƙawa. Fadan coci ma ya taɓa cewa ran da Audilio ya zo sujada sai an ninka turare. Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce shi hancinsa ya daɗe da yin ritaya.

Sana'arsa riƙon bunsuran mutane, kuma gadonta ya yi wurin ubansa. Kowa a nan mai awaki ne, kowa kuma ya san ɗan akuyar da ya zo duniya kafin tsakiyar Oktoba rabon ungulu ne: ciyawa ba ta tsiro ba, uwa ba ta da nono, sanyin asuba ya ƙarasa sauran. Don haka ba a barin bunsuru cikin garke. Da an gama haihuwa, kowane gida sai ya kawo nasa ya danƙa wa Audilio, shi kuma ya kora su wani lungu can ƙuryar dutse, inda ko kukan akuya ba ya kaiwa, ya zauna da su har tsakiyar Mayu. A ranar da aka sa ya sauko da su fili, kowa ya zo ya kama nasa. Ladansa ɗan akuya ɗaya a kan kowane bunsuru. Ba arziki ba ne, amma haihuwar shekara ta dukan yankin a tafin hannunsa take, ya kuma san da haka.

A da, hawan dutse da saukowa aikin gida ne gaba ɗaya. Za ka ga kaka a kan alfadari da kaji a kwando, jikoki suna kora da ihu, tukwane suna ƙara a jikin kaya. Audilio ya yi wannan zamanin. Ya yi hunturu biyu a makarantar su Fada, ya fito da iya sa hannu da addu'o'i kaɗan, ya auri Orfelina Tapia, suka share 'yar gona a bakin kogi, suka shuka masara da ciyawar dabbobi, suka kewaye ta da itatuwan alamo saboda iska. Sai haƙar man fetur ta zo. Aka yayyanka fako da hanyoyi, aka kakkafa famfunan rijiya masu sunkuyawa da ɗagowa kamar jiminar da ke kiwo, manyan motoci suka riƙa wucewa dare da rana. Samari suka ajiye bulala suka ɗauki hular kwano. Ɗansu Heraldo, wanda tun yana ƙarami ya iya juya garke da fito ɗaya, shi ma ya tafi. Audilio bai hana shi ba. Ya ce wanda ya ga inuwa ba a ce masa ya tsaya a rana. Amma daga shekarar sai shi da matarsa da karnuka biyu suke hawa.

A shekarar da abin ya faru, Afrilu bai kai rabi ba, hunturun wannan ƙasa bai ko kama ba, dutse ya fara magana. Ruwan ƙorama ya yi ɓawon ƙanƙara bai narke ba har tsakar rana. Tsuntsaye suka yi ƙasa. Gajimare ya zauna a kan Tromen kamar hula ya ƙi tashi. Audilio ya san abin da wannan ke nufi. Yana yaro ya ga garken wani maƙwabci da farar iska, wato guguwar ƙanƙara, ta rufe wa hanya a wannan lungun, sai da bazara ta zo aka tono su, a tsaye, sun jeru kamar masu jiran coci.

Da yamma suka kunna rediyo, lokacin da ake karanta saƙonnin mutanen daji. A cikin cigiyar doki da sanarwar jana'iza aka karanta nasu: Heraldo yana gaida iyayensa, ba a ba shi hutu ba, sai ƙarshen Mayu. Orfelina ta kashe rediyon, ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate ta miƙa wa mijinta.

Ya daɗe yana riƙe da ƙoƙon. In ya zauna, ƙanƙara ta rufe mashigi, bunsuran mutane su mutu a hannunsa. In ya sauka, saura kusan wata guda kafin ranar da aka sa, ga shi kuwa dabbobin sun fara neman barbara, suna karo da juna tun safe, wuyansu ya kumbura. A ƙasa awaki ne ko'ina. Ko ɗaya ya kuɓuce, wani gida zai yi haihuwar Satumba.

"Tsoho," in ji Orfelina, "mate ɗin ya huce. Ko dai ka sha ko ka ba ni."

Ya ce mata ta ɗaure kaya.

Saukowar ta ci musu kwanaki. Orfelina a gaba a kan alfadari, shi a baya a kan doki, karnuka a gefe da gefe, iska tana tura su kamar mai bin su bashi. Ba su hura wutar kirki ba. Garin gasasshiyar alkama suke damawa da ruwa su sha a kan sirdi, su ciji busasshen nama. Ran da suka fita daga mashigin, Audilio ya waiwaya ya ga inda suka baro ya zama fari fat. Ya yi alamar gicciye.

A gindin dutse suka ci karo da Don Belarmino Parada, wanda ya riƙe Heraldo ranar baftisma, saboda haka suke kiran juna compadre. Shi ma ya ga alamun ya sauko da wuri, awakinsa sun bazu a gangaren da ke fuskantar kogi. Da ya hango ƙahoni sai ya zaburo doki ya tare hanya.

"Compadre, kalandarka ce ta jiƙe ko kan ne ya fara yoyo? Wa ya ce maka Mayu ya tsaya?"

"Juya ka tambayi dutse."

"Dutse ba shi da 'yan mata, ni nake da su. Ka ja waɗannan 'yan iskan nesa. Na rantse in ɗaya ya leƙo mini garke, da kaina zan mai da shi taure, in kuma haɗa da mai kiwon."

"Mai kiwon ai ka makara," in ji Orfelina daga kan alfadari.

Belarmino ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa, amma idonsa bai yi dariya ba. Ya sake cewa, a hankali wannan karon, bara zakin dutse ya yi masa ɓarna, bana in bai sami 'ya'ya ba ya tashi daga mai awaki. Audilio ya ce ya ji.

Wurin tsare bunsuran ne matsala. Tsohon shingen duwatsu da uban Audilio ya gina a nan, tuntuni katafila ta bi ta kansa lokacin da ake fitar da hanya. Suka yi ta zagaye har rana ta karkata, sai Audilio ya hango wani kwari a bayan tudu, mai zurfi kamar akushi. A cikinsa akwai wata tsohuwar rijiyar mai da aka daina aiki da ita, an cire famfon, sai guntun bututu mai tsatsa a can ƙasa. An kewaye wurin da doguwar waya mai raga, wadda ta fi ƙarfin tsallen bunsuru, ƙofar kuma da 'yar waya kawai aka ɗaure ta. Abin da ya fi faranta masa rai, da suka gangara ciki sai iska ta sake su. Mutumin nan tun haihuwarsa iska ce abokiyar gabarsa. Ita ke kashe 'ya'yan awaki, ita ke ɗauke rufin ɗaki, ita ke rarraba garke. Abu na fari da uba yake koya wa ɗa shi ne: nemi ƙasa-ƙasa, nemi inda iska ba ta kaiwa. Audilio ya ce wa matarsa Waliyyi Sebastiyan ne ya ajiye musu wannan wuri.

Ya so su sauke kaya a ciki kusa da dabbobin. Orfelina ta dubi ƙasar, baƙa, mai maiƙo, ko ƙaya ba ta tsiro ba, ta ce ita ba za ta soya gurasa a kan wannan ƙazanta ba. Ya yi mita, ta yi kunnen uwar shegu. Suka kafa zango a bakin kwarin daga sama, a bayan wani dutse, inda iska ke dukansu yadda ta ga dama.

Kwanaki suka tafi lafiya. Da safe ya fitar da su kiwo ta ɓangaren fako, nesa da kogi, da yamma ya mayar ya ɗaure ƙofa. Daga zangon ana hango 'yar gonarsu can ƙasa, alamo sun yi ruwan ɗorawa suna zubar da ganye, maƙwabta suna ɗora ciyawa a kan rumfuna, ana fasa itace, ana yanka alade don hunturu. Tankokin mai suna wucewa da ƙura a bayansu. Orfelina ta ce duk ran da ta raka shi ɗaure ƙofa sai kanta ya yi ciwo, kuma tana jin wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce mace ta shekara arba'in da bunsurai sai yau ta gano suna wari. Sau biyu ya tsinci matattun tsuntsaye a gindin waya ta can ƙasa. Ya ɗauka karo suka yi da ragar.

Ran nan gari ya waye, abin da ya tashe shi shiru ne. Iska ta kwanta. Bai tuna ran da ya taɓa jin irin wannan shirun ba. Har ƙarar famfon wata rijiya mai nisa yana ji, da kukan awakin Belarmino a bayan tudu kamar a kusa. Raɓa ta daskare a kan barguna. Orfelina ta hura wuta, hayaƙin ya tashi kaɗan ya rasa inda za shi, ya kwanto. Audilio ya yi murna, ya ce yau mutum zai sha mate ba yashi a ciki.

Da ya fito bakin kwarin, ya yi wa karnuka fito. Suka zo suka tsaya. Babban, wanda bai taɓa ƙin kira ba, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu ya ja da baya yana kuka ƙasa-ƙasa. Sai Audilio ya duba ciki.

Bunsuran sun taru a gefen sama, sun matsu a jikin waya, suna hawa kan juna, baki buɗe, harshe waje, ba mai kuka. A can ƙasa, kewaye da bututun, wasu suna kwance. Ba kwanciyar tuƙa ba ce. Yana kallo, wani babban fari mai gemu, na gidan Sepúlveda, ya taka daga tsakiya kamar mai maye, gwiwoyinsa na gaba suka lanƙwashe, ya kifa.

Audilio ya fara gangarawa wajen ƙofa da gudu. Ƙofar kuwa tana ƙasa. Orfelina ta cafko mayafinsa ta baya da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Tsaya, tsoho. Iskar rijiya ce, mai guba."

"Wace iska? Ba iska yau."

"Ta ƙasa. Heraldo ya gaya mini ran da na tarar da wani ɗan akwati a wuyan rigarsa zan wanke. Ya ce ƙara yake yi in ta fito. Nauyi gare ta, ramin da ta samu nan take kwanciya, iska ce kawai ke kore ta. Ya ce in kana jin warin da sauƙi. In ka daina ji, ka riga ka shiga." Ta shaƙi hanci. "Ni yau ba na jin kome."

Ya tsaya. Ya dubi ƙofar can ƙasa, ya dubi gefen sama inda dabbobin suka matsu. A nan ba ƙofa, sai dai ya yanke waya. Gefen nan kuwa shi ne yake kallon gangaren Belarmino. In ya yanke, ba sauran shinge, kuma tsofaffi biyu da karnuka biyu ba za su tare bunsuran da ke jin kukan mata ba. Ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Wani bunsurun kuma ya sake faɗuwa.

"Belarmino zai kashe ni," in ji shi.

"Sai ka rayu tukuna."

Ta kwanto igiyar fata daga sirdi, ta ɗaura masa a ƙugu, ta ɗaure ɗaya bakin a jikin sirdin alfadari. Ta ce in ta ga ya durƙusa ba za ta tambaye shi ba. Ya zaro abin yankan waya daga jaka, ya cika ƙirjinsa da numfashi, ya gangara.

Nisan ba wani mai yawa ba ne, amma bai taɓa tafiya mai tsawonta ba. Kafin ya kai idanunsa sun fara zafi kamar an watsa barkono. Ya kama ragar ya fara yanka daga sama zuwa ƙasa, zare ɗaya-ɗaya, ƙahoni suna dukan yatsunsa ta cikin raga. Ƙirjinsa ya nemi fashewa. Ya ce a ransa kaɗan zai shaƙa, kaɗan kawai. Ya shaƙa. Ba wari, ba ɗaci, sai wani abu mai ɗan zaƙi, sannan ƙasa ta karkata. Ya ga hannunsa yana yanka kamar hannun wani. Zare na ƙarshe bai san ko shi ya yanke ba ko nauyin dabbobin ne ya tsinka. Ragar ta buɗe, suka bi ta kansa, igiya ta fizge shi ta baya.

Ya farfaɗo a bakin kwarin, bayansa duk ƙaya, yana amai, Orfelina tana yayyafa masa ruwa tana zaginsa da zagin da bai taɓa ji a bakinta ba. Bunsuran suna tsaitsaye a kan tudu suna tari, suna layi. Ya ɗan sa rai ko wahalar ta kashe musu jiki. Sai wata akuya ta yi kuka daga gangare. Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Ya buɗe baki zai kira karnuka, murya ta ƙi fita. Yana zaune a ƙasa ya kalle su suka haura tudu suka ɓace.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Belarmino ya iso a sukwane, bulala a sama, yana ambaton uwar kowane bunsuru da ta mai su. Orfelina ta nuna masa kwarin da hannu, ta ce kada ya matsa. Ya tsaya a kan doki yana kallon gawarwakin. Ya dubi igiyar da har yanzu take ƙugun Audilio. Bulalar ta sauko a hankali.

"Da ka bar su," in ji shi. Ya sake duban kwarin. "A'a. Da ni ma haka zan yi. Amma ka kashe ni, compadre."

Sai yamma suka gama raba su, amma aikin gama ya gama. Mutanen kamfani suka zo washegari da abin rufe fuska, suka binne matattun da katafila, suka kewaye kwarin da jan ƙyalle. Rediyo ya sanar kowa ya zo ya karɓi nasa tun kafin lokaci, ya ɗaure a gida yadda zai iya. Suka zo ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda nasu ya mutu, Audilio ya tare su a tsaye, hula a hannu, ya gaya musu da bakinsa. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wani ya ce ko jaki ya san ba a kwana a rijiyar mai. Matar marigayi Sepúlveda ta naɗe igiyar da ta zo da ita ta juya, wannan kuwa ya fi masa zagin ciwo.

Hunturun ya yi tsawo. Audilio ya yi shi yana tari, yana lissafin cikin awakin da ba nasa ba. Da Satumba ya kama, ba wanda ya kira su, shi da Orfelina suka ɗaura barguna suka tare a garken Belarmino. Haihuwa ta zo cikin sanyi mai yanka. Suka riƙa ɗaukar 'ya'yan suna cusawa cikin mayafi a jikin fatarsu, suna gasa duwatsu suna jerawa a rumfa, suna tatsar iyayen da ba su da abin tatsa. Fiye da rabi suka mutu. Belarmino ya feɗe fatun ya shanya a kan waya, a inda Audilio zai gani kullum in ya fito.

Da lokacin danƙa bunsurai ya zagayo, Audilio ya je filin da aka saba tun da sassafe, ya sauke sirdi ya zauna a kai. Ya ji labarin wani mutumin garin Barrancas ya fara karɓa, kuma gidaje da yawa sun kai can. Rana ta take bai ga kowa ba. Orfelina ta soya gurasa, ba wanda ya ci. Can bayan azahar wasu suka fara ɓullowa, 'yan kaɗan, yawanci tsofaffin da suka san ubansa. Belarmino ne na ƙarshe, yana jan nasa guda uku. Bai sauka daga doki ba, ya jefa masa igiyar.

"Ranar da aka sa," in ji shi. "Ko a kan ƙanƙara za ka jawo su. Kafin nan ba na son ganin fuskarka."

Audilio ya ce ya ji. Ya hau dutse da abin da bai kai rabin na da ba, kuma garken bai ƙara komawa yadda yake ba har ya tsufa ya bari. A shekarun da suka rage masa bai sake kwantar da dabba a kwari ba. A kan tudu yake tsare su, inda iska ke yi musu dukan kawo wuƙa, makiyaya suna wucewa suna cewa tsohon ya zare. In kuwa gari ya waye shiru, hayaƙi ya tashi ya kwanto, ko da yana ƙuryar dutse inda ba rijiya ko ɗaya, sai ya ajiye ƙoƙon mate, ya kira karnuka, ya kora bunsuran mutane sama.